Kwanon Baba Zuberu

Lokacin sabuwar doya gidanmu na Salaga cika yake da baƙi: direbobin Bawku masu jiran lodi, malaman Yendi masu sarin doya, ga kuma mutanen gida. Ni Taslima ni ce a bakin murhu. Kwano uku na sakwara nake aikawa zaure, kuma tun zamanin kakanmu ba a cewa wane zauna nan. Kowa ya zaɓi kwanonsa.

Sai ka ce abin zai daidaita da kansa, masu saurin ci su haɗu, masu nawar ci su haɗu. Ina! Mai nawa yana son mai nawa, mai saurin ma mai nawan yake so. Mahaifina Baba Zuberu kuwa haƙoransa sun zube, loma ɗaya sai ya yi ta juya ta a baki. Da ya zauna cikin malaman Yendi, sai Hudu direba, mai hannu kamar shebur, ya wanke hannu ya tsugunna kusa da shi. Malamai su gudu kwanon 'yan gida. Washegari Baba ya bi su can, Hudu da abokansa su biyo shi. Haka ake ta zagaye, ba ranar da aka zauna yadda aka zauna jiya.

Kowa dariya abin yake ba shi ban da ni. Tsohon nan ramewa yake yi a gaban idona, wandonsa har ya fara zamewa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Rannan na zuba masa tasa a kwano daban, da naman zabo da ya dahu luguf, na kai masa ɗaki.

"Baba, yau a nan za ka ci. Duk wanda ya leƙo, ni da shi."

Ban gama kwashe sakwarar matan gida ba na hango shi rungume da kwanon, yana takawa a hankali zuwa zaure. Na sha gabansa.

"Haba Baba, mutanen nan cinye maka fa suke yi."

"Na sani, 'yar nan." Ya gyara riƙon kwanon. "Tun da na bar ciniki, wa kika ga yana tashi daga wurinsa don ya zo kusa da ni? Ai sai Hudu."

Na ba shi hanya. Na koma madafa na fere wata doyar.