Tambayar da Uwaisu Ya Amsa da A'a

Uwaisu ma'aikacin jinya ne a Catford. Da ya ga takardar zamansa a Ingila ta kusa ƙarewa, sai ya nemi ƙaura zuwa Kanada. Wani lardi da ke ƙarancin ma'aikatan asibiti ya aiko masa wasiƙa cewa ya zaɓe shi.

Ya shigo gida yana kaɗa wasiƙar. "Murja, an gama! Ki fara ɗaure kaya."

"Abban Ihsan, da sauran rina a kaba," in ji matarsa. "Lardi zaɓe kawai yake yi. Gwamnatin tarayya ce mai bincike, ita ke ba da izinin shiga."

"Su suka kira ni, wa zai hana?"

Ranar Lahadi suka zauna cika takardun tarayya. Akwai tambaya ɗaya: ko an taɓa hana shi bizar wata ƙasa? An taɓa, shekara goma sha ɗaya baya, yana ɗalibi a Zariya. Lardin bai tambaye shi wannan ba.

"Ka rubuta gaskiya," Murja ta ce.

"Tsohon zance ne, wa zai tono shi?" Ya danna A'a.

Bai jira amsa ba ya ba wurin aiki notis. Abokansa suka yi masa walimar ban kwana a Tottenham, aka ci tuwo, aka yi addu'a. 'Yarsu Ihsan ta gaya wa duk 'yan ajinsu.

Bayan wata bakwai wasiƙa ta zo, ana neman bayanin abin da ya ɓoye. Ya rubuta shafi uku. Amsar ba ta kai rabin shafi ba: an ƙi, kuma ba zai sake nema ba sai bayan shekara biyar. Ya kira ofishin lardin. Matar da ta ɗauka ta saurare shi har ya gama, ta ce suna sonsa har gobe, amma ƙofar ba a hannunsu take ba.

Abin da ya fi cin ransa shi ne maganar lauyan da ya gani daga baya: da ya amsa E, da wuya tsohuwar maganar bizar ta hana shi komai.

Murja ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta goge masa farar riga, ta rataye a ƙofa. Da safe ya hau bas zuwa tsohon asibitinsu, yana ta juya yadda zai fara yi wa manaja maganar a mayar da shi bakin aiki.