Idon Aro a Bayan Gida

Tun da maigidanta ya ajiye aikin tuƙi ya kafa amyoyin zuma uku a bayan gidansu, uwargidan ba ta taɓa wuce igiyar shanya ba. Yau ga ta cikin tsohon wandonsa, da hular raga mai warin hayaƙi, gumi na bin bayanta.

Idonsa ne ya yi rauni. Babban ɗansu ya riga ya ce in Baba ba ya iya duba su, a ba wa wani. Kunnensa kuwa lafiya lau, kuma ya kwana biyu yana cewa kukan amyar gefen katanga bai yi masa ba, kamar ba sarauniya a ciki.

Ya busa hayaƙi, ya ɗaga murfin da ƙyar, ya zaro katakon saƙar zuma guda ya miƙa mata.

"Juya wa rana baya. Ki leƙa cikin ramukan ki nemo ƙwan sarauniya. Ƙwan fari ne, siriri, bai kai ƙwayar shinkafa ba."

"Da tsufana ka mai da ni likitan ƙwari," ta ce. "In suka harbe ni, kai za ka yi girki."

"To, mun kwana da yunwa."

Ta daɗe tana dubawa. Can ta gan su, ranta ya yi sanyi.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Ƙwai kam ga su nan birjik. Wani ramin uku, wani huɗu, har a jikin bango."

Ya laluba bulon da ke bayansa ya zauna, ya dafe gwiwa.

"Sarauniya ƙwai ɗaya take sawa a kowane rami, a tsakiya," ya ce a hankali. "Ta daɗe da mutuwa ke nan. Ma'aikatan ne suka gaji da jira suka fara yi da kansu, kuma maza kawai za su ƙyanƙyashe. Da na gani da wuri, da na ceto su."

"Yanzu fa?"

"Sai a kakkaɓe su, sauran amyoyin su karɓi wanda suka karɓa."

Ita ta kakkaɓe, katako bayan katako, shi yana bin ta da hayaƙi. Ɗaya ta harbe ta a wuyan hannu, ba ta faɗa masa ba. Da suka gama, akwatin amyar ya zama fayau, ƙugunta kamar zai rabe biyu.

"Ki kira babban yaron nan," ya ce. "Ya zo ya kwashe sauran."

Ta dubi amyoyi biyun da suka rage, ta dubi hannunta da ya fara kumbura. Ta ja numfashi.

"Tashi ka ɗaga mini murfin ta tsakiya. Hular nan kuma a wanke ta, in dai ni zan riƙa sa ta."