Bugu na Biyu, Ba na Uku Ba

Kwamfutar da matata ta bar mini ta fara mutuwa ne a farkon damina, kuma ta yi hakan da ladabi fiye da yawancin mutanen da na sani. Takan yi aikin minti arba'in, sai fankar cikinta ta yi tari sau biyu, allon ya ɗauke. In na bar ta ta huce, sai ta dawo kamar ba ita ba.

Harjanti ce ta haɗa ta da hannunta a kan teburin cin abinci, shekara goma sha uku da suka wuce. Ita ke kula da ɗakin kwamfutoci a wata kwaleji nan Malang, a tsibirin Jawa, ni kuma malamin tarihi ne a sakandare. Wato ita ta san yadda abubuwa ke aiki, ni na san yadda suka lalace. Ba ta sa mata babbar manhajar da kowa ke amfani da ita ba, sai wadda ake kira BSD. A duk unguwarmu mu biyu muka san ta, kuma tun da Harjanti ta rasu saura ni kaɗai. Da ita na koyi rubutu a kwamfuta, ban iya wata ba. A kanta nake rubuta littafina na tarihin masana'antun sukari, shafi ɗari takwas da 'yan kai, wanda ba wanda ya roƙe ni in rubuta.

'Yata Larasati ta bugo waya daga Surabaya.

"Bapak, don Allah ka bar gawar nan ta huta. Ƙarshen wata ina zuwa da sabuwar laftof irin ta kowa, in koya maka. Kwana biyu ka iya."

Na san koyarwar Larasati. Takan fizge abu daga hannunka ta yi da kanta, sannan ta tambaye ka ko ka gane. Shekarata saba'in da ɗaya. Idan ta iso ba ni da kwamfuta mai aiki da manhajar uwarta, ba ni da bakin musu, kuma sauran kwanakina za su ƙare wajen neman inda aka ɓoye maɓallai. Sai na yanke shawarar haɗa sabuwa kafin ta zo.

Halin BSD shi ne ba kowane ƙarfe take gaisawa da shi ba. Masu rubuta ta 'yan sa-kai ne, sai sun samu sarari suke koya mata sanin sabbin kaya, don haka sabo fil shi ne abin gudu. Kwana tara na yi ina bin jerin kayan da ta sani, minti arba'in-arba'in, har na fitar da takarda ɗaya. Abin da na ja wa layi biyu shi ne madabod, babban faifan da komai ke hawa kansa. Masu ƙera shi sun fitar da shi sau uku da suna ɗaya da kwali ɗaya, kamar littafin da aka sake bugawa aka canza babi ba a faɗa wa kowa ba. Na biyun na ɗauke da 'yar ƙwayar haɗa intanet da manhajar ta sani. Na ukun wata ce daban. Na rubuta da manyan baƙaƙe: BUGU NA BIYU, BA NA UKU BA.

Na kai takardar kasuwar kwamfuta, hawa na biyu, shagon Gunadi. Tsohon ɗalibina ne, wanda ya taɓa rubuta mini a jarrabawa cewa Turawan Holan a jirgin ƙasa suka iso Jawa. Yanzu yana da tumbi da shago mai ƙofa uku, abin da ke nuna iyakar amfanin tarihi.

"Pak Guru!" Haka ake kiran malami a nan. Ya taso da gudu, ya kama hannuna ya kai goshinsa. "A kawo kofi! A kawo soyayyar ayaba! Pak Guru, ba ka tsufa wallahi."

"Kai ma ba ka daina ƙarya ba. Karanta wannan."

Ya karanta, murmushinsa na raguwa layi bayan layi.

"Pak Guru, gidan tarihi za ka buɗe? Wannan madabod ai ya girmi autana."

"Ya fi shi jin magana kuma. Za ka samo?"

"Za a samo."

"Yadda na rubuta?"

"Yadda ka rubuta, Pak Guru. Ni zan haɗa maka da hannuna, kada ka wahalar da idonka."

Shekara talatin da huɗu na yi a aji. Ya kamata in tuna cewa yaron da ya amsa da sauri haka bai ji tambayar ba.

Ranar Asabar da hantsi ya kawo ta gida da kansa, a rungume kamar jariri. Akwatin yana da gilashi a gefe ɗaya, da ya jona wuta sai cikinsa ya hau walƙiya, ja, kore, shuɗi, kamar motar kai amarya.

"Mene ne wannan?"

"Ɗan gishiri na ƙara, Pak Guru. Kyauta ce daga ɗalibinka." Idonsa har ya ciko. "Kai kaɗai ne ba ka taɓa fid da rai da ni ba."

Ni kuwa tun zangon farko na fid da rai da shi, ban dai faɗa ba ne. Na yi godiya, na raka shi bakin ƙofa.

Da ya tafi na sa filashin da manhajar ke kai. Rubutu ya fara gangarowa a allo yadda ya saba, yana kiran sunan kowane ƙarfe da ya gane. Sai ya fara cewa bai san wannan ba, bai san wancan ba. Ba intanet, ba sauti, baƙaƙen kuma manya-manya kamar na allon 'yan aji ɗaya. Na kwance gilashin na leƙa. Daga cikin abin da na rubuta, wayar wuta kaɗai na gane. Gunadi ya cire komai ya sa mafi sabo kuma mafi tsada a shagonsa, saboda girmamawa.

Na zauna ina kallon fitilun suna canza launi. Kyautar ɗalibi ba a mayar da ita. In na shiga shagonsa da akwatin nan a gaban ma'aikatansa, na zubar masa da mutunci ke nan a kasuwar da yake ci yake sha. Harshena ya riga ya cinye mini abokai uku da suruki ɗaya, kuma mutanen da ke kai hannuna goshinsu ba su da yawan da zan yi almubazzaranci da su.

Sai na yi dabara irin ta masu karatu. Ranar Litinin na naɗe kwamfutar a tsohon zane, na ɗauki tasi, na shiga kasuwar ta ƙofar baya wajen ajiye babura, na hau har hawa na huɗu ina haki. Can ne 'yan gwanjo suke. Bu Sulastri na zaune a rumfarta tsakanin tulin tsofaffin faifai, gilashin ƙara girma rataye a wuyanta. Ta san Harjanti, sun sha cin bakso, miyar dunƙulen nama, tare.

"A'a, mijin Harjanti! Me ka naɗo haka, gawa ko kayan sata?"

"Musaya nake so, Bu. Ki kwashe na ciki, ki sa mini waɗannan." Na miƙa mata kwafin takardar.

Ta buɗe, ta yi fito. Sannan ta kai gilashinta kan wata 'yar farar takarda da ke manne a kowane ƙarfe.

"Wannan ai hatimin Gunadi ne. Ranar Juma'a aka manna."

"Ban tambaye ki tarihinsa ba."

"Yau kuma? Kai da tarihi?" Ta karanta takardar tana gyaɗa kai. "Matarka ta koya maka da kyau. Ka ba ni sabo ka karɓi tsoho, kullum a kawo mini irinka. Sauran duk ina da su. Madabod ɗin ne babu, amma bari in tambaya."

Ta ɗauki wayarta ta yi rubutu. Ni ina shan shayi mai ƙanƙara ina jin daɗin wayona. Na san sarai cewa a kasuwar nan ba mai cewa babu. Duk wanda aka tambaya abin da ba shi da shi sai ya jefa tambayar a zauren 'yan kasuwa na waya, mai shi ya aiko. Shago ɗaya ne mai ƙofa ɗari biyu. Na san haka kamar yunwar cikina, kuma ban tuna ba sai da ta ɗago kai tana dariya.

"An samu, a hawa na biyu. Mai shi ya ce da kansa zai kawo, wai yana so ya ga mahaukaci na biyu a garin nan."

Na duba hagu na duba dama. Rumfar Bu Sulastri ba ta da ƙofar baya.

Gunadi ya iso da kwali a hammata, yana fara'a. Ya gan ni. Ya ga akwatinsa a buɗe a kan tebur, hanjinsa a waje. Fara'ar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta nufa ba.

"Pak Guru."

"Gunadi."

"Ka zo... shan iska?"

"Ƙwarai. Iskar hawa na huɗu ta fi."

Bu Sulastri ta kifa kai a tebur tana dariya har gilashinta na bugun katako.

"Ku ji mini mutanen nan! Malami ya sato hanya don kada ɗalibi ya ji kunya. Kai kuma, Ndut mai tumbi, ya aka yi kana da abin da aka nema ka ɓoye?"

Gunadi ya goge gumi. "Na samo, Bu, wallahi duka na samo. Har Surabaya na aika. Da na jera su a tebur na dube su, sai na ce ina, in aka ji na ba malamina kayan shekara bakwai, da wane ido zan kalli mutane? Sai na ce in yi masa abin arziki."

"Ka karanta layin da na ja wa layi biyu?" na tambaye shi.

"Na karanta. Na ɗauka kawaici kake yi, kada ka ɗora mini nauyi."

"Yaushe ka taɓa ganin na yi kawaici?"

Ya yi tunani da gaske. "Gaskiya ban taɓa gani ba."

"To kawo mu gani," in ji Bu Sulastri. "Kwali ba shaida ba ne."

Ta zare faifan, ta kai shi bakin taga, ta bi kusurwarsa da gilashi. Ta daɗe. Ta hure ƙura, ta sake dubawa. Na tsaya a gefe kamar ni ake wa jarrabawa. Sai ta miƙo mini gilashin. A can ƙasa, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, ga lamba biyu.

Su biyu suka haɗa ta, suna faɗa kan kowace ƙusa. Ita ta ce hannunsa kamar na mai fasa kwakwa, shi ya ce rumfarta ta fi juji da rufi kawai. Akwatin gilashi da fankoki suka zauna, don ba ruwansu da manhaja. Na sa filashin. Rubutu ya gangaro, yana kiran sunan kowane ƙarfe kamar malami na kiran rajista, kowa na amsawa. Na girka manhajar, Bu Sulastri ta jona wayar intanet daga bayan teburinta.

Gunadi ya leƙo allon. "Shi ke nan? Baƙin allo da rubutu? Ina hotuna?"

"A nan ma karatu ake yi. Shi ya sa ba ka san ta ba."

Na rubuta wa Larasati wasiƙa layi ɗaya: sabuwar kwamfuta na aiki, ki zo abinki, ba sai da laftof ba. Kafin in ƙarasa shayina amsa ta shigo. Bapak, wa ya taimake ka? Gunadi ya karanta ta saman kafaɗata, ya gyara wuyan rigarsa.

Saura sabbin kayan da aka cire, suna jere a tebur ba mai son kallonsu. Bu Sulastri ta tura su gabana.

"Ni na fasa musayar. Abin da na sa na sa don Harjanti. Waɗannan ku san yadda za ku yi da su."

Gunadi ya ɓoye hannuwansa a baya. "Ni dai na bayar. Ba na karɓa."

"Wa ya ce mayarwa zan yi? Nawa ne, ko ba nawa ba?"

"Naka ne, Pak Guru."

"To miƙe tsaye sosai. Gunadi, aji uku, kujerar baya kusa da taga. An ba ka aiki ka faɗi, ka sake ka ci. Ga ladan ɗalibin da ya gyara kuskurensa. Ba a ƙin lada daga hannun malami."

Ya kalli Bu Sulastri, ta ɗaga kafaɗa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, har da ɗan rusunawa, masu rumfunan gefe suka tafa.

Na ɗauko zanen zan naɗe akwatin, ya riƙe hannuna.

"A'a, Pak Guru. A buɗe za ta fita, kuma ta ƙofar gaba."

Haka muka sauko, shi a gaba rungume da ita, ni a baya da zane a kafaɗa. A hawa na biyu ya rage tafiya, ya bi ta gaban kowane shago yana juya gefen gilashin wajen mutane.

"Ta malamina ce," yake ta faɗi. "Ni na haɗa masa."

Wani mai sayar da firinta ya leƙa ciki ya ce kai, wannan ai sai manya. Na ce masa ƙwarai kuwa, ba kowa ke samun irinta ba.