Tayoyin Hanyar Gona

Mai taya ya mirgino ta ƙarshen ya jingine ta kusa da 'yan'uwanta, ya goge hannu a wando.

"To, Yallaɓai, ga su nan a jere kamar masu neman aure, sai ka zaɓa. Wannan irin ta jikin motarka ce, 'yar gayu, kwalta kawai ta sani. Ta tsakiyar nan tana taɓa kwalta tana taɓa ƙasa. Wannan kuwa," ya kai wa ƙatuwar mari, "laka ce abincinta."

Auta ya tsuguna ya zura yatsa tsakanin haƙoran tayar, yatsan ya shige har gaɓa. Mutum ne mai furfura a gemu, yana da ofis da ma'aikata, amma a gidansu har gobe Auta ne, kuma yau a matsayin Auta ya zo. A bayansa jif ɗinsa ce tsaye, baƙa wul, kujerun fata, tana ƙyalli kamar ba ta taɓa jin kunya ba. Alhali ta ji, watan jiya, a gaban mahaifinsa.

Ranar ya ɗauki Baba zai kai shi gona, can bayan rafi, inda aka binne mahaifiyarsu a gindin itatuwan da ta dasa da hannunta. Likita ya riga ya ja su gefe, shi da Yaya, babbar yayarsa, ya ce su mai da tsohon gida, su yi masa duk abin da ransa ke so. Abu ɗaya ransa ke so, ya je ya zauna kusa da matarsa ko da na ɗan lokaci ne. Sun yi nisa, har suna hango kan itatuwan, sai cikin motar, wato ƙasanta, ya zauna daɓas a kan tudun laka, tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Da ƙyar wata tarakta ta jawo su baya. Baba bai yi faɗa ba. Ya kafa wa itatuwan ido ta gilashi har suka ɓace, sannan ya ce, "Motar taka mai kyau ce, Auta. Tsoron datti kawai take yi." Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

"Wannan babbar," in ji Auta, "za ta haye rafi da damina?"

"Har ta waiwayo ta yi masa gwalo. Amma bari in gaya maka aibinta, kada ka dawo kana nema na da sanda. A kwalta tana da surutu, za ka riƙa jin gurnani a ƙarƙashinka. Za ta ƙara shan mai. Allurar gudu za ta riƙa yi maka ƙarya, ta nuna ƙasa da abin da kake yi. Kuma rim ɗinka, ƙarfen da taya ke zama a kai, ba zai ɗauke ta ba, sai mai faɗi, har da na safaya."

"Cikin motar zai ɗaga?"

"Zai ɗaga. Ta tsakiyar ma za ta ɗaga maka kaɗan, kuma ita na fi ba mutane shawara."

"Ba kaɗan nake so ba. Sa babbar."

Aka ɗora mota a jak, aka kwance 'yan gayun aka tara su gefe. Da aka ɗaura sababbin, mai taya ya sa Auta ya murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana leƙen ko taya na gogar jiki. Ba ta goga. Ya miƙe ya kawo ɗan famfon iska mai aiki da batir ya saka a but.

"In kun isa laka ka rage mata iska, ta baje ƙafa. In kun fita ka mayar. Wa za ka kai daji haka da gaggawa, amarya?"

"Tsohona."

"Allah ya ƙara masa lafiya."

Auta ya amsa da amin a ciki-ciki. Da ya zo shiga sai da ya ɗaga ƙafa fiye da yadda ya saba, abin har ya yi masa daɗi. Duk hanya tayoyin na gurnani, shi kuwa ji yake kamar kiɗa ake yi masa. Tunda ciwon nan ya zo bai iya komai ba sai sa hannu a takardun asibiti da tsayuwa a bakin gado kamar baƙo. Yau dai ga abin da ya iya.

Ya tarar Baba ya riga ya shirya, yana zaune a baranda da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Rigar da ta taɓa cika da shi yanzu rataye take a kafaɗunsa. Yaya, babbar 'yarsa, wadda ta baro ɗakinta ta dawo jinya, tana cusa magunguna da ruwa a jaka.

Baba ya ƙare wa motar kallo daga nesa. Direban babbar mota ne shi a zamaninsa, ya cinye ƙuruciyarsa a kan hanya, kuma har yau in mota ta wuce a titi yakan faɗi abin da ke damunta daga jin kukanta.

"A'a," ya ce, "'yar gayu ta sa takalmin soja."

"Yau sai gona, Baba."

"Ka duba ba ta goga?"

"An duba."

"Safaya fa?"

"Ita ma an canza."

Ya gyaɗa kai, kuma wannan gyaɗa kan a wurin Baba yabo ne babba. Ya dogara sanda ya miƙe. Yaya ta kai hannu, ya harare ta, ta janye. Dokar gidan ke nan tun farkon ciwon. Ya yarda a ba shi magani a baki, ya yarda a yanke masa farce, amma tafiya da shiga mota nasa ne. Ya sha faɗa musu, rabi wasa rabi gaske, cewa mutumin da ya yi shekaru yana haye kan tirela da tsalle ɗaya, ranar da aka ɗauke shi aka saka a mota, to gawarsa aka ɗauka.

Auta ya danna maɓallin da ke sauke motar, ta yi ajiyar zuciya ta rusuna iyakar rusunawarta. Ya buɗe ƙofar gaba. Baba ya iso a hankali, ya jingine sanda, ya kama mariƙin da ke saman ƙofa kamar kullum, ya yi bismilla, ya ɗaga ƙafar dama.

Ƙafar ta tsaya a iska, tana rawa, ƙasa da matakin. Ta koma ƙasa.

Auta ya dubi matakin. Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Ya auna rafi, ya auna laka, ya auna tudun da ya kama cikin motar, bai auna ƙafar mahaifinsa ba.

Baba ya sake gwadawa. Wannan karon bakin takalminsa ya taɓa ƙarfen ya zame. Gumi ya tsatsafo masa a goshi, numfashinsa ya fara fita da ƙara. Yaya ta ruga ciki ta dawo da 'yar kujerar da take zama a kai in tana wanki, ta ajiye a gabansa.

"Ɗauke min wannan," in ji Baba.

"Baba, taki ɗaya ne fa."

"Na ce ki ɗauke. Ni zan hau mota da kujerar wanki? Maƙwabta na kallo?"

Ba wanda ke kallo sai wata akuya a bakin ƙofar gida, amma Yaya ta ɗauke. Ta juyo kan ƙanenta, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta ya kawo ruwa. "Kai ma dai, Auta. Sai ka ɗebo waɗanda suka fi kowanne girma? Kullum abinka sai ya wuce misali."

"Laifina ne, Yaya. Baba, ka yi haƙuri, laifina ne. Ka ɗan jingina, yanzu zan gyara."

Ya durƙusa a gaban tayar gaba da farin wandonsa, ya kwance murfin bawul, ya danna da kan makulli. Iska ta fara fita da tsaki mai tsawo. Ya koma ta baya ya yi mata haka. Motar ta riƙa karkatowa wajen Baba sannu a hankali, sababbin tayoyin na bajewa a ƙasa, har rim ya kusa taɓa siminti. Auta ya miƙe ya dubi matakin. Ya sauko ƙasa da inda yake a da, ƙasa da ranar da Baba ya shiga da kansa watan jiya. Yaro mai koyon tafiya ma zai taka shi.

"Bismilla, Baba. Yanzu ta durƙusa maka."

Baba ya yi ɗan murmushi. Ya kama mariƙin, ya ɗora ƙafa, ta hau. Auta har ya buɗe baki zai yi hamdala. Tsohon ya ja jikinsa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, amma jikin bai tashi ba. Ya sake ja. Gwiwar ta lanƙwashe, ya tafi baya, bayansa ya faɗa a ƙirjin Auta.

Suka tsaya a haka. Yaya ta juya musu baya ta toshe baki da gefen mayafi, kuma daga yadda kafaɗunta ke motsi Auta ya gane ba yau ta fara ganin wannan ba. Ita ke kwana da shi, ita ta san abin da ƙafar nan ta daina yi a 'yan kwanakin nan. Faɗan da ta yi masa kan tayoyi, rufa wa tsohon asiri take yi.

"Rabu da tayar nan, Auta," in ji Baba, bai waiwayo ba. "Ba ita ba ce."

"Baba, mu bari sai gobe, in ka huta..."

"Goben ta fi yau ne?" Ya mai da numfashi. Idonsa na kan kujerar fatar da ke gabansa, kusa ƙwarai, hannu ma zai taɓa ta. Can ya saki mariƙin ƙofar. "Ɗauke ni."

Auta bai motsa ba, don bai yarda da kunnensa ba.

"Ka kurmance ne? Uwarku na jira. Ɗauke ni."

Ya sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya tattara ƙarfi kamar zai ɗaga buhu, sai ya ji ya kusa cilla shi sama. Babu nauyi ko kaɗan. Mutumin da ya taɓa saɓa shi a wuya ya hau da shi kan tirela, yau ɗan autan Auta ma ya fi shi nauyi. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ofishin likita. Ya ajiye shi a kujera, ya gyara masa ƙafafu, ya ja masa bel. Baba ya kafe gilashin gaba da ido, bai dubi kowa ba.

Yaya ta shiga baya da jakarta. Auta ya ɗauko famfon a but, ya haɗa shi da batir, ya durƙusa a gindin tayar gaba. Famfo ya kama ƙara, motar ta fara tasowa da tsohon a cikinta. Baba ya sauke gilashi.

"Gobe zan mayar da tsofaffin," in ji Auta, kansa a ƙasa. "Suna nan a shagon, ban bari an taɓa su ba."

"Kada ka soma. Zaɓinka ya yi, taya ce ta gaske." Baba ya leƙo ya dube ta, duban wanda ya san abin da yake kallo. "Bar su a kai. Damina da saura. Ranar da za ku mai da ni wajen uwarku, ba na so ku maƙale da ni a rafi mutane na jira."

Auta ya koma tayar baya, inda madubi ba ya kamo shi, ya jingina goshi da jikin motar. Ƙarar famfon ta rufe komai, ya bar ta ta yi ta rufewa. Tayar ta cika, ta yi tauri, bai cire ba.

Sai ya ji ana buga jikin ƙofa da tafin hannu, bugu biyu, irin na direba.

"Ta isa haka, za ka fasa ta," in ji Baba. "Taso mu tafi, rana na yi."