Akwatin da Farfesa Ya Sa Aka Fitar

Shekara shida Uwar Ƙwayoyi ta yi tana renon bakteriyar nan. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, don ko ranar hutu sai ta leƙo ɗakin gwaji ta duba farantan da take renon ƙwayoyin a ciki. Ita ta zaƙulo wata bakteriya mai tangarɗa daidai inda take fara kwafar DNA ɗinta kafin ta rabu biyu. Ƙwayoyin jikin mutum daga wurare dubbai suke fara kwafi a lokaci ɗaya. Bakteriya kuwa zaren DNA ɗinta zagayayye ne kamar awarwaro, mafarinsa ɗaya tak. In wurin ya cije, shi ke nan, ba kwafi ba hayayyafa.

Ita ta rubuta rahoton tun daga farko har ƙarshe. Da aka buga shi, sai ga sunan Farfesan da take aiki a ƙarƙashinsa a sama, da na ƙanin matarsa wanda ko safar hannu bai taɓa sawa ba. Nata? Ko a layin godiya babu.

"Haba, ƙanwata," in ji Farfesa da ta same shi a ofis. "Kin taɓa ganin an rubuta sunan lebura a jikin gini?"

Maganar nan ta tsaya mata a rai. Wallahi ta tsane shi, tsana irin wadda ke hana mutum jin daɗin abinci. Kamar hakan bai isa ba, da aka ce kwamitin masana zai zo ganin bakteriyar, sai ya mayar da ita ɗakin wanke kwalabe, kada bakinta ya yi tsawo.

Ya kawo sabon akwatin ɗumama ƙwayoyi mai walƙiya, ya sa aka fitar da tsohon nata da ake ɗaure ƙofarsa da roba. Da hannunsa ya murɗa zafin zuwa digiri talatin da bakwai, zafin jikin mutum, yadda ake koya wa kowane ɗan aji ɗaya. Ita kuwa bakteriyar sai a talatin take iya kwafi. Zafi na wuce nan, sinadarin da ke buɗe mafarin sai ya yi laƙwas. Bayanin yana nan ɓaro-ɓaro a shafi na huɗu na rahoton. Amma Farfesa shafin farko kaɗai ya sani, inda ya sauya suna.

Kwana uku tana wucewa da tiren kwalabe, tana kallon lambar nan, tana jin sanyi a ranta.

"Komai daidai dai ko?" ya tambaye ta ranar jajibiri.

"Ranka ya daɗe, ni da ke wanki ina zan sani?"

Ranar da baƙi suka zo, Farfesa ya buɗe akwati da fara'a har kunne. Faranti ashirin, wayam! Ko ɗigo babu. Ya ɗaga wannan ya haska, ya ɗaga wancan, gumi na bin wuyan rigarsa. Ƙanin matar ya sulale.

Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai kaurin tabarau, ta dubi lambar, ta buɗe rahoton.

"Farfesa, kai ka rubuta cewa ba ta kwafi a wannan zafin. Ko ba kai ka rubuta ba?"

Sai ga Uwar Ƙwayoyi ta turo ƙofa da ƙafa, riƙe da faranti biyu cike taf, waɗanda ta rena a tsohon akwatin da ta jona a bayan wurin wanki. Ta ajiye su gaban dattijuwar, ta goge hannu a rigar aikinta ba gaggawa.

"Wace ce wannan?" in ji dattijuwar.

Farfesa ya mayar da farantin da ke hannunsa cikin akwati.

"Lebura ce, ranki ya daɗe," in ji Uwar Ƙwayoyi. "Na ji ginin ya tsage ne."

Dattijuwar ta juya rahoton zuwa shafin farko, ta zare biro. "Faɗa mini sunanki, 'yata. A hankali, kada in yi kuskure."