Rakiyar Iya Hansai

Khaula ta goge kan maganar a karo na shida, ta kifa wayar a kan tabarma. "Hanyoyi Biyar na Gyaran Fata" ta rubuta, sai ta tuna ta riga ta yi shi wata biyu da suka wuce, kuma a lokacin ma hanyoyin bakwai ne.

Shekara guda ke nan tana rubutu duk Laraba a wani shafin intanet da Malam Mus'ab yake gudanarwa daga Kano. Sunan filin nata "Daga Gaya", amma a 'yan watannin nan babu abin Gaya a cikinsa sai sunan. Jiya Malam Mus'ab ya turo mata saƙon murya, cikin lallami amma ba kwana-kwana: abin da take turowa kowa ma yana rubuta irinsa, in ba ta kawo sabon abu ba yau kafin ƙarfe biyar, zai ba wata filin. Khaula kuwa tana son filin nan har ranta, don nan ne kaɗai ake kiranta marubuciya ba a biyo da dariya ba.

"Tunda zaman bai haifar da komai ba," in ji mahaifiyarta Hanne, "tashi ki kai wa Iya maganin ƙafarta ƙauyen Gafasa. Rabonki da ita tun ƙaramar salla."

"Umma, aiki fa nake yi."

"Na gani. Tun safe kike aikin hararar waya."

Ta fita tana ƙunƙuni. Sai da adaidaita sahu ya bar Gaya dabara ta faɗo mata: ai ƙauye ba ya rasa labari, za ta naɗi muryoyin mutane ta yi rubutunta a kai.

Malam Datti, maƙwabcin kakarta, shi ta fara samu a gindin darbejiya yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa ta kunna waya ta miƙa ta saitin bakinsa.

"Baba, akwai wani sabon labari a garin nan?"

Ya dubi wayar, ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya. "Sai alheri. Muna godiya ga Allah, muna kuma gaida hukuma."

Adawiyya, wadda ta gamu da ita a bakin rijiya, gyale ta ja ta rufe fuska ta ce wallahi babu komai. Ita kuwa kakar, Iya Hansai, ta dama mata fura, ta tambayi lafiyar kowa a gidan Gaya har da kaji, amma da Khaula ta miƙo waya sai ta ce, "Labarin me, ƙawata? Mu nan kullum jiya i yau."

Zuwa ƙarfe uku Khaula ta tara muryoyi tara, dukkansu alheri ne zalla. Ranta ya ɓaci sosai. Ta jefa wayar a jaka ta yi sallama.

Iya Hansai ta laluɓo sandarta. "Bari in taka miki."

"Iya, ƙafarki fa."

"Ai tawa ce."

Suna fita daga zaure, suka shiga 'yar hanyar da ta ratsa gonar gero, tsohuwar ta rage murya.

"Kin ga Dattin nan da kika gaisar? Sansa na huɗa ba ya ɗaga ƙafa sai an kunna masa rediyo. Tun yana maraƙi ya saba, don a turke Datti yake rataye ta. Bana batir ya ƙare ana tsakiyar huɗa, sa ya tsaya ƙyam. Sai da Datti ya bi bayansa yana karanto labaran duniya da bakinsa, har da na ƙasashen waje, sannan aka gama kunya goma sha biyu."

Khaula ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin ta farfaɗo Iya ta shiga zancen Adawiyya, wadda yanzu ita ke gyara injin ban ruwa na rabin garin, maza su kawo mata da sassafe a ɓoye don kada a ce mace ta fi su. Ana tsakiyar wannan suka iso titi, adaidaita ya tsaya. Khaula ta ɗaga masa hannu ya wuce.

"Iya, mu je in mayar da ke gida, ki ƙarasa min."

Amma suna shiga zaure labari ya ɗauke ɗif. Iya ta zauna ta tambaye ta ko za ta ƙara fura. Khaula ta miƙe ta ce, "To, ni zan tafi." Tsohuwa ta ɗauki sanda. Ko gonar geron ba su kai ba ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya.

"Iya, me ya hana ki faɗa min duk wannan a ɗaki?"

"A ɗaki ke baƙuwa ce. Wa yake tarar baƙo da surutu? Balle kin cusa min wannan abar a baki. Magana a wajen rakiya ake yinta, ke da naki, babu mai ji sai karan gero."

Sau uku suka yi hanyar nan. A na ukun Khaula ta zauna a kan kwalbati a bakin titi, inda sabis ya fi ƙarfi, ta ciro waya.

"In rubuta?"

"Rubuta labarin san Datti, shi da kansa yake alfahari da shi. Na Adawiyya sai kin tambaye ta. Kada kuma ki tambaye ta a gida."

Yatsunta suka kama gudu. Ta rubuta yadda ta je neman labari aka cika ta da alheri, da yadda ta same shi tsakanin zaure da titi, ta rufe da san Malam Datti. Biyar saura minti uku ta tura. Tana cikin adaidaita amsa ta shigo: "Wannan shi ne Daga Gaya. Akwai na mako mai zuwa?"

Ta iske Umma tana tankaɗe a tsakar gida.

"Umma, gidajen 'yan'uwa nawa ne na daɗe ban leƙa ba?"

"Ki ce nawa kika leƙa, ya fi saurin ƙirguwa."

"Gobe zan je Balan in gaida Bappa. Jibi kuma gidan Gwaggo."

Hanne ta ajiye rariya, ta karkaɗe hannu, ta zo ta taɓa goshin 'yarta. Da ta ji babu zazzaɓi sai ta ce, "Bappan naki fa ba ya iya tafiya yanzu. Ko ƙofa ba ya raka mutum."

Khaula ta ɗan yi tunani. "Matarsa fa?"

"Ita kam har tasha."

"To, ki tashe ni da wuri."