Kamannin Usaini

Ranar da Sakinatu ta haifi zabiya, surukarta Inna Aina'u kallo ɗaya ta yi wa jaririn ta mayar da zani ta rufe. Fari sol, gashi kamar gemun masara. Inna kuwa Allah ya yi ta da baki. Kafin azahar ta zaga gida biyar da magana ɗaya: "Mu dai babu wannan a jininmu. A tambayi dangin uwar."

Ɗanta Naziru ya kai yaron asibiti, ya dawo da bayanin ma'aikaciya: abin gado ne, ba ya fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ko da baƙaƙe ne wuluk. Inna ta ce a raba ta da surutun 'yan boko. Ta ƙi hura wutar wankan jego, ta kuma kafa wa Naziru sharaɗi, ana gama suna Sakinatu ta tafi gidansu, tafiyar ke nan.

Ranar suna yayan Inna, Malam Hasan, ya iso daga Shanono yana dogara sanda. Tsakar gida cike da mata, ya ce a miƙo masa jikansa. Yana buɗe zanin ya ɗaga murya:

"Allahu akbar! Usaini sak!"

"Wane Usainin, Yaya?" in ji Inna.

"Abokin tagwaicina mana. Shekara sittin kina ce min Hasan, ba ki taɓa tambayar kamannin Usaini ba? Haka yake, fari tas. Ko yaye bai kai ba ya rasu, ba a ma haife ki ba. Har Innarmu ta koma ga Allah ba ta iya ambatonsa, saboda abin da matan gari suka yi ta jifanta da shi."

Matan nan biyar da Inna ta zaga gidajensu duk ga su a tabarma, kowacce ta sunkuyar da kai. Kunya ta lulluɓe Inna Aina'u, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Daga ɗaki sai ga muryar Sakinatu, a ladabce: "Inna, na gama ɗaure kayan. In fito da su?"

Inna ta miƙe. Ta je murhu ta durƙusa, ta shiga hura wutar da ya kamata ta hura tun kwana bakwai.